Diyyar Harin 11 ga Satumba: Yadda Aka Yi da Abokan Zama 'Yan Jinsi Ɗaya

Tambaya daga wani ɗalibin shari'a: "Na karanta cewa gwamnatin Amurka ta biya iyalan waɗanda suka mutu a harin 11 ga Satumba 2001 diyya mai yawa. To wanda ya mutu ya bar abokin zama ɗan jinsinsa, wanda doka ba ta ɗauke shi miji ko mata ba, yaya aka yi da shi? An ba shi daidai da sauran ma'aurata, ko an hana shi?"

Malam, dokar da ta kafa asusun diyyar ba ta ambaci waɗannan mutane ba ko sau ɗaya. Shiru ta yi, ƙa'idojin asusun kuma suka tura maganar ga dokar gadon jihar da mamacin yake zaune. Saboda haka mutum biyu masu hali iri ɗaya, shekarun zama ɗaya, gida ɗaya, bashi ɗaya, sai ka ga ɗaya ya karɓi kuɗi cikin rufin asiri, ɗayan kuma sai da ya kai ƙarar dangin mamacin kotu. Abin da ya raba su takarda ce da kuma halin dangi.

Bari mu fara da asusun kansa. Mutum 2,977 ne suka mutu a harin. Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ranar 22 ga Satumba 2001, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar ceto kamfanonin jiragen sama, kuma a cikinta aka cusa asusun diyyar. Ciniki ne a fili: ka karɓi kuɗin gwamnati, ka yafe haƙƙinka na kai ƙarar kamfanonin jiragen. Ministan shari'a John Ashcroft ya naɗa lauya Kenneth Feinberg ya riƙe asusun, aka ba shi iko mai faɗi, har hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara a kansa. An rufe karɓar takardu ranar 22 ga Disamba 2003. A ƙarshe an biya sama da dala biliyan 7, ciki har da iyalan mamata 2,880, kuma matsakaicin abin da aka biya kan kowane mamaci ya kai wajen dala miliyan 2.

Sai ka tuna yadda dokar aure take a Amurka a lokacin. A 2001 babu jiha ko ɗaya da ke ɗaura auren jinsi. Vermont ce kaɗai ke da wani ƙulli na hukuma mai kama da aure, tun 2000. California tana da rajistar abokan zama, amma rajistar ba ta ba da gado a lokacin. A sama kuma akwai dokar tarayya ta 1996, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, ta ce a idon gwamnatin tarayya aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya ne kawai. Wato ko mutanen nan sun so su yi rajistar aure, ƙofar a rufe take. Wannan ne ya bambanta su da saurayi da budurwa masu zaman tare, waɗanda za a iya ce musu ai da kun ga dama da kun ɗaura.

Kalmar "daidaito" da ka yi amfani da ita tana ɓoye tambayoyi uku, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce: wa ke da ikon shigar da takardar neman diyya, ta yaya ake lissafa kuɗin, kuma hannun wa kuɗin ke shiga.

Ta farko, wa ke shigar da takarda. Doka ta ce takarda ɗaya tak ake shigarwa kan kowane mamaci, kuma wakilin mamaci ne ke shigar da ita. Wakilin shi ne wanda kotun rabon gado ta naɗa. In babu naɗin kotu, sai wasiyyin da mamacin ya ambata a wasiyyarsa. In babu wasiyya, sai mutum na farko a jerin magada bisa dokar jiharsa. A New York jerin ya fara da miji ko mata da 'ya'ya, sai iyaye, sai 'yan'uwa. Abokin zama ba ya cikin jerin, ko a ƙarshensa. Yawancin waɗanda suka mutu a tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York mutane ne masu ƙarfi a jika, suna tsakiyar aiki, kuma irin waɗannan ba kasafai suke rubuta wasiyya ba. To sai wakilcin ya faɗa hannun uwa, ko uba, ko wa, wani lokaci ma wanda rabonsa da mamacin an yi shekaru. An dai wajabta wa wakili ya sanar da duk wanda ake tsammanin zai ce yana da haƙƙi, kuma asusun yana wallafa sunayen masu nema a intanet don mai ja ya fito. Amma sanarwa ba rabo ba ce. Ƙa'idojin sun kuma ce Feinberg ba dole ya yi alƙalancin rigimar wakilci ba. Yana iya dakatar da takardar, ko ya ajiye kuɗin a amana har kotun jiha ta yanke.

Ta biyu, lissafi. Nan ne ya kamata ka tsaya da kyau, domin a nan rashin daidaiton ya fi ɓuya.

Kuɗin kashi biyu ne. Akwai na raɗaɗi: dala 250,000 kan kowane mamaci, da ƙarin dala 100,000 ga miji ko mata, da wani 100,000 ga kowane mutum da mamacin ke ɗauke da nauyinsa. To wa ake kira miji ko mata? Ƙa'idar ta ce wanda mamacin ya rubuta a matsayin haka a takardar harajinsa ta tarayya ta shekarar 2000. Dokar 1996 kuwa ta hana 'yan jinsi ɗaya cike takardar haraji a matsayin ma'aurata. Ka ga an sa ma'aunin da ba yadda za a yi su cika shi. Ba sai an rubuta "ban da su" ba, takardar haraji ta gama aikin.

Kashi na biyu shi ne asarar samu, wato abin da mamacin zai kawo gida da ya rayu. Ana duba shekarunsa, da albashinsa, da shekarun aiki da suka rage masa, a cire haraji, sannan a cire abin da zai kashe wa kansa. Wannan cirewar ta ƙarshe ita ce matsalar. Lissafin yana ɗaukar cewa gwauro ko tuzuru yana cinye kaso mai yawa na albashinsa shi kaɗai, mai iyali kuwa kaɗan yake ci, saura na gida ne. Don haka da an rubuta mamaci a matsayin mai zaman kansa, kuɗin ya zube ƙasa sosai. Har mafi ƙarancin diyya ma an raba shi biyu: dala 500,000 ga mai aure ko mai ɗauke da nauyin wani, dala 300,000 ga wanda ba shi da kowa, kafin a yi ragi. Ragin kuwa shi ne kuɗin inshorar rai, da fansho, da abin da gwamnati ta riga ta biya. Kuɗin sadaka daga ƙungiyoyin agaji ba a cire shi.

A nan Feinberg ya yi amfani da ikonsa. Akwai hanyar neman zama na gaba da gaba, inda mai nema zai kawo shaida ya nuna cewa jadawalin lissafi bai dace da halinsa ba. A irin wannan zama ana iya amincewa cewa gidan mamacin na mutum biyu ne, a ƙara kuɗin. Wannan gyara ne na gaske. Sai dai ya haifi wata matsalar da ta fi ta farko ciwo.

Ta uku, rabo. Ƙa'ida ta ce wakili zai raba kuɗin bisa dokar jihar mamaci, bayan ya gabatar da tsarin rabo an amince. Mai karatu da ya san fiƙihu zai gane abin nan da nan, domin a shari'ar Musulunci ma diyyar kisa tana bin rabon gado ne, magada ke ɗauka gwargwadon kasonsu. Bambancin shi ne Ba'amurke yana iya yin wasiyya da dukiyarsa kusan duka ga wanda ya so, babu iyakar sulusi. Amma ko wasiyyar ba ta rufe ramin gaba ɗaya, kuma ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a nan. A New York, kuɗin raɗaɗin da mamaci ya sha yana shiga dukiyarsa, ya bi wasiyya. Kuɗin asarar samu kuwa yana bin dokar diyyar kisa, wadda ke ba magadan da doka ta lissafa, gwargwadon asarar kowannensu, ba ruwanta da wasiyya. Kuma asarar samu ita ce kaso mafi tsoka ga yawancin ma'aikata. An ba Feinberg ikon gyara tsarin rabo idan ya ga an tauye "miji ko mata, 'ya'ya, ko wasu dangi". Duba jerin nan ka gani, abokin zama bai shigo ba. Abin da ya bayyana a fili shi ne, idan dangi da abokin zama suka daidaita a tsakaninsu, zai sa hannu. Wato an mayar da haƙƙin ya zama alfarma.

Ga misali biyu, duka suna cikin bayanan da aka wallafa, amma zan bar sunayen.

Wata ma'aikaciyar farar hula ta mutu a Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka. Ta bar abokiyar zama ta shekara 18, gidansu a Maryland. Da abokiyar ta nemi tallafin waɗanda aka yi wa ta'addanci daga jihar Virginia, inda harin ya faru, sai aka maido mata da takardar ta'aziyya da cewa doka ba ta san ta ba, tallafin na miji ko mata ne da iyaye da kakanni da 'yan'uwa da 'ya'ya. Amma mamaciyar ta bar wasiyya da sunanta, kuma babu dangin da suka ja. A farkon 2003 asusun tarayya ya ba ta dala 557,390. An yi ta yaɗa labarin a matsayin karo na farko da gwamnatin tarayya ta yi irin haka, kodayake asusun bai kafa wata ƙa'ida da shi ba. Takardar wasiyya ce ta buɗe mata ƙofa.

Mamaciya ta biyu ta mutu a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, ba ta bar wasiyya ba. Ɗan'uwanta ya zama wakili. Da aka lissafa ta a matsayin mai zaman kanta, kuɗin ya tsaya a dala 278,087.42. Abokiyar zamanta ta shekaru da dama ta gabatar wa asusun shaidar zamansu, sai aka ƙara dala 253,454, jimla ta zama 531,541.42. Aka miƙa wa wakili duka, tunda shi doka ta sani. Shi kuma ya ce shi ne magaji ɗaya tilo a dokar New York, ya riƙe. Ka lura da abin da ya faru: kusan rabin kuɗin nan saboda matar aka ƙara shi, da babu ita da ba a ƙara ba, amma ya shiga aljihun wani. Ta kai ƙara, kuma a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce ƙarar tana da tushe, a ci gaba da sauraro. Hujjar da kotun ta karɓa ba ta aure ba ce. Hujjar cin dukiyar wani ba bisa haƙƙi ba ce, da cewa ana iya ɗaukar wanda kuɗin ke hannunsa a matsayin mai riƙon amana.

A ganina wannan shi ne babban aibin tsarin, kuma ba sai mutum ya yarda da auren jinsi ba kafin ya gan shi. Asusun ya ƙirga mutum a wurin awo, ya manta da shi a wurin rabo. Ko dai diyya gado ce, a bi jini kawai a daina ƙara kuɗi saboda wanda ba magaji ba, ko kuwa maye gurbin asara ce, a ba wanda ya yi asarar. Haɗa biyun shi ya jefa mutane cikin shari'a da dangin mamatansu suna tsakiyar makoki. Feinberg yana da uzurinsa: in ya ce zai tantance wa ke ƙaunar wa a gidaje kusan dubu uku, aikin ba zai ƙare ba, kuma majalisa ba ta ba shi ikon sake rubuta dokar gadon jihohi ba. Uzurin yana da ƙarfi. Amma ƙarin da ya yi da kansa, yana iya cewa a biya shi kai tsaye ga wanda aka yi dominsa, da an rage rigima.

Gyare-gyaren da aka yi a gefe faci ne, kowanne ya toshe rami ɗaya. A Oktoba 2001 gwamnan New York George Pataki ya ba da umarnin cewa hukumar tallafa wa waɗanda aka yi wa laifi ta jihar ta ɗauki abokan zama kamar ma'aurata a wannan harin, muddin sun nuna suna dogara da juna. A 2002 majalisar jihar ta yi dokar da ta bayyana cewa nufinta abokan zama su samu rabo daga asusun tarayya, kuma kotun 2006 ta jingina da ita. A shekarar dai aka gyara dokar diyyar ma'aikata ta jihar don abokin zama ya karɓi kuɗin mako-mako da ake ba gwauruwa, wanda iyakarsa dala 400 ne a lokacin, amma gyaran na mamatan 11 ga Satumba ne kaɗai. California ta ba abokan zama masu rajista haƙƙin gado ba tare da wasiyya ba, dokar ta fara aiki a Yuli 2003, ta makara ga wanda abokinsa ya riga ya mutu. A tarayya kuma, a Yuni 2002 Bush ya sa hannu a dokar da aka sa wa sunan Mychal Judge, limamin Katolika na 'yan kwana-kwanan New York da ya mutu a harin. Ta ce dala 250,000 da ake biya kan ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana da ya mutu a bakin aiki, in ba shi da mata ko 'ya'ya, a ba wanda ya rubuta a takardar inshorar ransa. Dabarar tana da kyau: ba ta tambayi mene ne tsakaninku ba, ta tambayi wa mamacin ya zaɓa da hannunsa. Kuɗin gwauruwa na tsarin fanshon tarayya kuwa ba su samu ba sam, dokar 1996 ta tare hanya.

Tunda kana karatun shari'a, ga abin da masu tantancewa ke nema a aikace idan babu takardar aure. Mafi ƙarfi su ne takardun da aka yi kafin mutuwa kuma wani na waje ya ajiye: takardar mallakar gida ko ta haya mai suna biyu, bashin gida na haɗin gwiwa, asusun banki ɗaya da ake ta shige da fice a cikinsa, suna a inshorar rai ko fansho, rajistar abokan zama ta birni ko ta wurin aiki, takardar wakilcin jinya. Sai masu matsakaicin ƙarfi: takardun wuta da waya masu adireshi ɗaya na shekaru a jere, inshorar mota mai suna biyu. Mafi rauni su ne hotuna, wasiƙu, da takardun rantsuwa na abokai, domin suna nuna shaƙuwa amma ba sa nuna kuɗi, kuma asusun diyya kuɗi yake aunawa. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Gida da sunan mutum ɗaya saboda shi banki ya yarda ya ba bashi. Takardar inshora da aka cike ranar fara aiki da sunan uwa, ba a sake taɓa ta ba shekara goma sha biyar. Mutanen da suka ɓoye zamansu don tsoron kora daga aiki ko fushin iyaye, suka guji barin kowace shaida, ranar da ake neman shaidar kuma babu ita. Wanda ya fi ɓoyewa shi ya fi rasawa. Ga kuma nauyin da gwauruwa mai takardar aure ba ta ɗauka: ita takarda ɗaya za ta miƙa, ba mai tambayarta ko suna shiri da mijin, ko ma sun raba ɗaki.

Daga baya doka ta canja. Massachusetts ta fara ɗaura auren jinsi a Mayu 2004. Kotun ƙolin Amurka ta soke sashen dokar 1996 da ya shafi tarayya a Yuni 2013, a Yuni 2015 kuma ta ce dole kowace jiha ta ɗaura. Yau wanda ya yi rajistar aure a can, jinsi ɗaya ko biyu, matsayinsa ɗaya a asusun diyya. Amma kada ka ɗauka maganar ta mutu. A Yuni 2016 an kashe mutum 49 a wani gidan rawa a Orlando, jihar Florida, yawancinsu matasa marasa aure. Asusun taimakon da birnin ya kafa, da shawarar Feinberg ɗin dai, ya ware dala 350,000 kan kowane mamaci, kuma rigimar ta dawo: uwa da uba da suka rabu, dangi da abokin zama, kowa na cewa shi ne. Waɗanda suka kasa daidaitawa aka tura su kotun rabon gado, kotun kuma jerin magada ta sani.

A Najeriya tambayar ba ta tasowa da wannan siffa, tunda dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta haramta auren jinsi, shari'ar Musulunci kuma matsayinta sananne ne. Amma injin da na kwatanta maka ba ya duba jinsi, takarda yake dubawa, kuma yana iya niƙa ɗan ƙasarmu da ke zaune a Amurka. Wanda aka ɗaura masa aure a masallaci a unguwar Bronx ta birnin New York ba a karɓi lasisin aure ba, matarsa za ta iya shan tambayoyi kafin a yarda da ita, kuma amsar ta danganta da jihar. Mai mata biyu kuwa, takardar harajin tarayya gurbin mace ɗaya gare ta. Ta biyun, da ke Kano ko Zinder tana karɓar kuɗin cefane duk wata, matsayinta a irin wannan asusu zai dogara ne kan ko sunanta yana cikin wasiyya ko takardar inshora, da kuma ko ta adana rasit ɗin kuɗin da ake turo mata.